Haraji Da Takardu: Nauyin Da Ya Hau Kan Masu Aikin Ƙashin Kansu

Tun daga ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 2026, lokacin da sabuwar dokar haraji ta ƙasar nan ta fara aiki, da wuya a zauna a majalisar 'yan kasuwa ko ta masu sana'a ba a taɓo maganar haraji ba. Daga kasuwar Mile 12 da ke Legas zuwa unguwar Sabo ta Ibadan, daga kasuwar Wuse ta Abuja zuwa Kantin Kwari na Kano, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Shin gwamnati za ta riƙa cire kuɗi daga asusun mutum na banki? Shin wanda ba shi da albashi shi ma dokar ta hau kansa? Wace takarda ake nema, kuma a wane ofishi? Tambayoyi ne da suka cancanci amsa, domin wanda bai san abin da doka ta ɗora masa ba, bai kuma san abin da ta ba shi ba, shi ne ganimar farko ta azzalumin jami'i da ɗan damfara.

Idan dai ba a manta ba, a ranar 26 ga watan Yuni na 2025 ne Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu a kan dokoki guda huɗu da suka sake fasalin haraji a Nijeriya, bayan aikin kwamitin da aka kafa a 2023 ƙarƙashin jagorancin Taiwo Oyedele. Ɗaya daga cikin dokokin ita ce ta sauya Hukumar Tara Haraji ta Tarayya, wato FIRS, zuwa Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Nijeriya, wato NRS. Kafin a kai ga sa hannun, an shafe watanni ana kai ruwa rana, musamman daga watan Oktoba na 2024 da gwamnonin jihohin Arewa suka fito suka nuna rashin amincewarsu da tsarin rabon harajin VAT da aka gabatar. Muhawarar ta yi amfani, kuma an sami gyara. Sai dai abin lura shi ne, kusan dukkan hayaniyar a kan rabon kuɗi ne tsakanin tarayya da jihohi. Ba a ji wanda ya tsaya ya tambayi yadda tela da kafinta da dillali da mai ɗaukar hoto za su iya da takardun da dokar take nema a wurinsu ba. Ga shi kuwa su ne mafi rinjayen masu neman abinci a ƙasar.

Binciken ma'aikata na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarun 2023 da 2024 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya aikin ƙashin kansu suke yi. A cikinsu akwai na gargajiya, irin su mahauta da masu fatauci da magina da masu gyaran mota. Akwai kuma sabon rukuni da zamani ya haifar, wato matasa masu aikin jinga ta hanyar kwamfuta: masu fassara, masu zane, masu haɗa manhaja, masu tace hotunan bidiyo, masu koyarwa ta intanet, waɗanda wani lokaci mai ba su aikin yana Legas, wani lokaci yana Ingila ko Amurka. A idon doka duk matsayinsu ɗaya. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ba ya wahalar lissafi, domin akawun ofishinsu ne yake cire masa haraji daga albashi kowane wata ya miƙa wa hukuma. Shi kuwa mai zaman kansa shi ne maigida, shi ne yaro, shi ne akawu. Idan ya yi daidai don kansa, idan ya yi kuskure babu wanda zai ɗauke masa tara.

Dole ne a yi wa talaka adalci idan an ga yana ɗari-ɗari da kalmar haraji, domin ruwa ba ya tsami banza. Iyaye da kakanni sun ba da labarin zamanin En'e, lokacin da ake bin mutane gida-gida da dogarai saboda kuɗin haraji da jangali, mutum ya sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci da damina don ya karɓi rasit. A kudancin ƙasar ma, maganar haraji ce ta tayar da boren matan Aba a 1929, ita ce kuma ta sa matan Abeokuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti suka matsa har Alake ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, jama'a sun ɗauki abin a matsayin 'yanci. Wannan tarihi yana nan a zukatan mutane. Amma ya kamata a bambance. Harajin wancan zamani a kan kai ake ɗora shi, ko mutum ya samu ko bai samu ba. Harajin da muke magana a kansa yau a kan riba yake, kuma wanda ya iya nuna iyakar ribarsa da hujja, iyakar abin da za a nema a wurinsa ke nan.

Abin Da Dokar Ta Tanada

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane na jihohi ne, kuma jihar da mutum yake zaune ita ce mai haƙƙi. Wannan ƙa'ida tana nan tun a dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, sabuwar dokar ma ba ta kauce mata ba. Saboda haka Bakano ko Basakkwacen da yake zaune a Agege da iyalinsa, yana kasuwancinsa a can, hukumar tara haraji ta jihar Legas ce za ta neme shi. Wanda yake zaune a Abuja kuma hukumar tara haraji ta Babban Birnin Tarayya. Mutane da dama daga cikin 'yan kasuwarmu mazauna kudu suna zaton cewa tun da asalinsu Arewa ne, can ne ya kamata su biya, har wasu sukan koma gida su yanki takarda. Wannan ba zai hana jihar da suke zaune ta nemi haƙƙinta ba, ƙarshenta mutum ya biya sau biyu.

Abu na biyu shi ne ma'aunin harajin. A sabuwar dokar, Naira dubu 800 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu ko kwabo. Naira miliyan 2 da dubu 200 da suka biyo baya ana cire kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, sa'an nan duk abin da ya haura miliyan 50 kashi 25 cikin ɗari. Bugu da ƙari, an soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowa, aka kawo rangwamen kuɗin haya, wato kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da mutum ya biya a shekara, muddin rangwamen bai wuce Naira dubu 500 ba. Har ila yau ana cire abin da mutum ya zuba a asusun fansho, da inshorar lafiya, da inshorar rai, kafin a yi lissafi. Masu zaman kansu ma suna da ƙofar shiga tsarin fansho tun 2019, lokacin da hukumar fansho ta ƙasa ta ƙaddamar da ƙaramin tsari domin su.

Domin a fahimci inda gizo yake saƙa, bari mu ɗauki misalin wani mai zanen gine-gine da yake zaune a Ibadan, wanda ba ya ƙarƙashin kowane kamfani. A ce a shekara guda kuɗin aiki da ya shigo hannunsa Naira miliyan 6 ne. Daga ciki ya kashe miliyan 3 a kan hayar ofis, da man janareta, da takardun zane, da kuɗin mota zuwa wuraren aiki, da ladan yara biyu da suke taimaka masa. Ribarsa ke nan miliyan 3. Idan aka cire dubu 800 da babu haraji a kansu, saura miliyan 2 da dubu 200, harajinsa ya kama Naira dubu 330. Idan kuma yana biyan hayar gida ta dubu 600 a shekara, yana da rasit, za a rage masa dubu 120 daga abin da za a yi wa lissafi, harajin ya sauko zuwa dubu 312. A tsohuwar doka, mai irin wannan riba zai biya kimanin dubu 350. Ashe ke nan ta fuskar ma'auni, sabuwar dokar ba ta tsananta wa mai matsakaicin samu ba.

To, amma a ce wannan mutum bai rubuta komai ba. Babu littafi, babu rasit, sai dai bayanan banki da suka nuna miliyan 6 sun shigo. Doka ta ba jami'in haraji ikon yin ƙiyasi gwargwadon abin da ya gani idan mutum bai kawo bayani ba, ko ya kawo wanda ba shi da madogara. Idan jami'in ya ɗauki miliyan 6 ɗin nan a matsayin samu, harajin zai tashi zuwa Naira dubu 870. Tsakanin dubu 312 da dubu 870 akwai tazarar fiye da rabin miliyan, kuma ba wani abu ne ya jawo ta ba illa rashin littafin da kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ɗaya ba. A nan ne ainihin haɗarin yake, kuma a nan ne ra'ayinmu ya tsaya: mai zaman kansa ya fi fuskantar cutarwa daga rashin takarda fiye da yadda yake fuskanta daga ma'aunin harajin kansa.

Takardun Da Ba Makawa Sai Da Su

Takarda ta farko ita ce lambar shaidar mai biyan haraji. A da sai mutum ya je ofis ya cika fom kafin a ba shi. A ƙarshen 2025 hukumomi sun sanar cewa lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN, ita ce za ta zama tushen lambar haraji ga ɗaiɗaikun mutane, lambar rajista kuma ga kamfanoni. Wannan sauƙi ne da ya cancanci yabo. Sai dai samun lamba daban, buɗe fayil a hukumar harajin jihar da mutum yake zaune daban, kuma yana da kyau mutum ya tabbatar sunansa da adireshinsa sun yi daidai a can. Dokar gudanar da haraji ta tanadi tarar Naira dubu 50 a wata na farko ga wanda ya kamata ya yi rajista bai yi ba, da dubu 25 a kowane wata da ya biyo baya. Wani abin da ya fi tarar zafi ga mai neman aiki shi ne, dokar ta tanadi tarar Naira miliyan 5 a kan kamfani ko hukumar da ta ba wanda ba shi da rajista kwangila. Babu manajan da zai jefa kamfaninsa cikin wannan hali saboda ƙwarewar wani, komai iyawarsa. Wanda ba shi da lamba, shi da kansa ya rufe wa kansa ƙofar manyan ayyuka.

Ta biyu ita ce rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wadda aka kafa da dokar kamfanoni ta 1990, aka kuma sabunta dokar a 2020. A nan akwai rashin fahimta mai yawa. Wanda yake aiki da sunansa na yanka da na mahaifinsa ba tare da wani ƙari ba, doka ba ta tilasta masa rajistar suna ba. Da zarar kuwa ya laƙaba wa sana'arsa wani suna na daban, ya rubuta shi a allo ko a kan takardar neman biya, rajista ta wajaba. Banki ma ba zai buɗe asusu da sunan kasuwanci ba sai ya ga takardar, wasu sana'o'in kuma, kamar dillancin gidaje da sayar da motoci, har sai an haɗa da takardar sashen yaƙi da halatta kuɗin haram na hukumar EFCC. Masu sana'ar POS sun ga misalin wannan a 2024, lokacin da aka umarce su duka su yi rajista. Abin da mutane suke mantawa shi ne, rajista ba ta ƙarewa ranar da aka karɓi satifiket. Akwai bayanin shekara-shekara da ake shigarwa a hukumar, wanda ya sha bamban da na haraji, kuma tarar rashin shigar da shi tana taruwa shiru har ranar da mutum zai buƙaci takardarsa da gaggawa.

Akwai masu ba matasa shawarar su buɗe kamfani kai tsaye, tun da dokar 2020 ta amince mutum ɗaya ya kafa kamfani, kuma ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba. Gaskiya ne an yafe wa ƙananan kamfanoni wannan haraji tun dokar kuɗi ta 2019, wadda ta sa iyaka a jimlar cinikin Naira miliyan 25, sabuwar dokar kuma ta ɗaga iyakar. Amma akwai togaciya da ba a cika faɗa ba. Kamfanin da aikinsa na ƙwararru ne, irin na lauyoyi da akantoci da masu ba da shawara, ba ya shiga sahun ƙananan kamfanoni komai ƙanƙantar cinikinsa. Mai irin wannan sana'a da ya yi gaggawar buɗe kamfani yana iya samun kansa cikin harajin kashi 30 cikin ɗari na riba, ga kuma ɗawainiyar takardun kamfani. Sa'an nan duk abin da mai kamfani ya ɗiba a matsayin albashinsa, harajin ɗaiɗaikun mutane yana kansa. Saboda haka a yi shawara da akanta kafin a yanke hukunci, kada garin neman gira a rasa ido.

Ta uku ita ce littafin ciniki, wanda a ganinmu shi ne uwar takardu. Ba sai mutum ya yi karatun akanta ba. Littafi mai shafi biyu ya wadatar: abin da ya shigo, daga wa, ranar nawa ga wata, abin da ya fita, a kan me, da rasit a maƙale. Doka tana son a adana irin waɗannan bayanai har shekara shida. Haka kuma wajibi ne mutum ya raba asusun sana'a da na gida. Wannan ya fi shafar 'yan kasuwarmu, domin harkarmu ta ginu ne a kan amana. Dillalin shanu yakan karɓi miliyoyin da ba nasa ba ya miƙa wa masu dabbobi, ladansa kaɗan ne a ciki. Mai turo tumatir da albasa kudu yakan riƙe kuɗin manoma goma a asusunsa. Wani kuma ɗan'uwansa ne ya aiko masa da kuɗin ginin gida ko na hidimar biki. Bashi da ajiya da kyauta ba samu ba ne, kuma babu haraji a kansu. Amma ranar da aka buɗe bayanan banki, wanda zai yi bayani shi ne mai asusun, kuma baki kaɗai ba ya wadatarwa. Ɗan kasuwar da ya saba ƙirga kayansa da bashinsa kowace shekara domin fitar da zakka ya riga ya san hanyar, abin da ya rage masa shi ne ya mayar da lissafin a rubuce.

Ta huɗu ita ce bayanin kuɗin shiga na shekara, wanda ake miƙa wa hukumar harajin jiha kafin ƙarshen ranar 31 ga watan Maris, game da shekarar da ta gabata. Rashin shigar da shi yana jawo tarar Naira dubu 100 a wata na farko da dubu 50 a kowane wata bayansa. Ko da samun mutum bai kai matakin biya ba, shigar da bayanin shi ne yake tabbatar masa da wannan matsayi a rubuce. Da shi ne kuma ake samun takardar shaidar biyan haraji, wadda bisa al'ada take nuna shekaru uku da suka gabata, kuma ake nemanta wajen kwangilar gwamnati da takardar mallakar fili da izinin gini. Mutane da yawa ba sa tunawa da ita sai kwangila ta zo bakin ƙofa, sai a shiga neman ta bayan fage, a faɗa hannun masu buga ta jabu. Tun ran gini ran zane.

Ta biyar, wadda mafi yawan masu aikin jinga suke asara a kanta, ita ce shaidar harajin da ake cirewa tun daga tushe. A ƙa'idojin da suka fara aiki a watan Janairu na 2025, kamfanin da ya biya mutum ladan aikin ƙwarewa ko na ba da shawara ko kamisho zai cire kashi 5 cikin ɗari ya miƙa wa hukuma da sunan mai aikin, idan kuwa mai aikin ba shi da lambar haraji sai a ninka. Wannan kuɗi biya ne na gaba, ana rage shi daga harajin mutum na ƙarshen shekara. Mu koma ga mai zanenmu na Ibadan. Idan miliyan 4 daga cikin aikinsa kamfanoni ne suka biya, an riga an cire masa dubu 200, saura dubu 112 kacal zai cika. Idan bai karɓi takardar shaidar cirewar ba, ko kamfanin ya cire bai miƙa ba, to ya yi asarar dubu 200 ɗin, kuma za a nemi cikakken harajin a wurinsa. Don haka duk wanda aka yanke masa kuɗi ya nemi shaida nan take, kada kunya ko gudun ɓata wa mai ba da aiki rai ta hana shi.

Game da matasan da suke yi wa mutanen ƙasashen waje aiki ana biyansu da Dala ko Fam, ya kamata su sani cewa mazaunin Nijeriya ana lissafa masa abin da ya samu ko daga ina ya fito. Kasancewar kuɗin ya biyo ta wata manhaja bai fitar da shi daga hukuncin doka ba. Su adana yarjejeniyar aikin, da ranar da kuɗin ya shigo, da farashin da aka canza shi. Idan an cire musu haraji a can, su riƙe shaidar, domin Nijeriya tana da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Kanada da Sin da Afirka ta Kudu.

Haƙƙin Da Ke Kan Hukuma

Duk abin da muka faɗa a sama nauyi ne a kan mai sana'a. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma gwamnatin da take neman amanar jama'a tana da nata nauyin. Mai sana'a zai iya cewa, ni fa na daɗe ina biya. Kuma gaskiyarsa. Yana biyan kuɗin rumfa, da na allo, da na shara, da na ƙungiya, da tikitin kullum. Direban da ya ɗauko kaya daga Arewa zuwa Legas ko Fatakwal ya san yawan shingayen da yake tsayawa a hanya, kuma duk abin da aka karɓa a wurinsa a kan kuɗin kayan yake komawa. Tun a 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati yake da ikon karɓa, domin a kawo ƙarshen wannan ɓarna, amma ba ta hana ba. Kwamitin gyaran harajin da kansa ya ce nau'o'in harajin da ake karɓa a hukumance sun haura 60, ban da na bayan fage. Muddin jihohi da ƙananan hukumomi ba su janye 'yan sara-suka masu ɗauke da rasit daga tituna da kasuwanni ba, to sabon tsarin zai zama ƙari ne a kan tsohon kaya, kuma babu wa'azin da zai sa talaka ya yarda da shi.

Na biyu, maganar harshe. Dokokin da turancin lauyoyi aka rubuta su, fom ɗin da turanci, shafukan hukumomin ma haka. Miliyoyin masu sana'a da Hausa ko Yarbanci ko Ibo suke lissafinsu, wasu ma da ajami suke rubuta bashinsu. Ya kamata kowace hukumar harajin jiha ta samar da fom mai shafi ɗaya cikin harsunan jama'a, ta kuma amince da littafin ciniki ko da wane rubutu aka yi shi, in dai ana iya tantance shi. Jihohin kudu da suke da ɗimbin 'yan kasuwa Hausawa su ajiye jami'ai masu jin harshen a manyan kasuwanni, su yi aiki tare da sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa.

Na uku, ikon ƙiyasi da doka ta ba jami'i takobi ne mai kaifi biyu. A hannun mai gaskiya yana kama mai ɓoye dukiya, a hannun maras tsoron Allah kuwa ya zama hanyar tsoratarwa domin a sasanta a bayan ofis. Mai biyan haraji yana da kwana 30 ya rubuta ƙin amincewarsa da ƙiyasin da aka yi masa, yana da damar zuwa kotun ɗaukaka ƙarar haraji, sabuwar dokar kuma ta kafa ofishin sauraren koke-koken masu biyan haraji. Amma haƙƙin da mai shi bai san da shi ba tamkar babu shi ne. A rubuta waɗannan haƙƙoƙi a bayan kowace takardar ƙiyasi, a kuma hukunta kamfanonin da suke cire kuɗin masu aikin jinga su riƙe. Haka nan tarar dubu 100 ta rashin shigar da bayani ta yi wa ƙaramin mai sana'a nauyi ƙwarai, idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira dubu 70 ne. Hikima ita ce a fara da wayar da kai da sassauci ga wanda ya zo da kansa, a ajiye bulala domin masu taurin kai daga cikin manya.

Na huɗu kuma mafi girma, jama'a su ga aikin kuɗinsu. Hukumar Ƙididdiga ta nuna cewa a 2021 harajin da aka tara bai kai kashi 11 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ta samar ba, abin da yake ƙasa ƙwarai idan an kwatanta da ƙasashe da dama na Afirka. Jami'ai sukan kawo wannan adadi domin su nuna mutane ba sa biya. Amma mai walda da yake sayen man janareta kullum, ya sayi ruwa, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa da na 'yan sintirin unguwa, yana da tasa tambayar da ta cancanci amsa. Gwamnan da ya buga abin da aka tara a kowace kasuwa da abin da aka yi mata da shi zai ga bambanci a asusun jiharsa fiye da wanda ya ƙara yawan jami'an kame.

Daga ƙarshe, kiranmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a shi ne su ɗauki wannan al'amari a matsayin aikinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar teloli ko ta dillalai ko ta masu sayar da waya tana iya ɗaukar akanta guda ya riƙa duba littattafan mambobinta da kuɗi kaɗan, ya shigar musu da bayani kafin watan Maris ya ƙare, ya kuma tsaya musu idan an yi musu ƙiyasin zalunci. Shi kuma mai sana'a ɗaya-ɗaya, kada ya jira sai takardar hukuma ta iso shagonsa. Ya sayi littafinsa yau, ya raba asusunsa, ya tabbatar da lambarsa, ya riƙa karɓar rasit a kan duk abin da ya biya. Idan ya yi haka, ranar da jami'i ya zo, da hujja za a yi magana, kuma bakinsa zai fi ƙarfi wajen tambayar gwamnati inda ta kai kuɗinsa. Allah Ya sa mu dace.